Kod ɗin ƙarshe da na aika Timiya

Na dawo Agadas daga Yamai da takardar karatun ordinater, wato kwamfuta, a hannu, ba don na so dawowa a lokacin ba. Mahaifina maƙerin azurfa ne, ya rasu ina shekarar ƙarshe ta karatu, innata kuma ta ce ba za ta iya zaman gidan ita kaɗai ba. Aikin farko da na samu shi ne a wata ƙaramar ƙungiya ta masu garka, waɗanda ke noma albasa da lemu da rumman a kwarurrukan Abzin. Bironmu, wato ofishinmu, ɗaki biyu ne a bayan kasuwa. A ɗaki na ciki aka ajiye serber, wato babbar ordinater da ke tattara bayanai tana rarraba wa ƙananan da ke ƙauyuka. An ɗora ta kan bulo saboda ƙasa, an sa mata fanka a gefe kamar majinyaci.

Wadda nake aiki a ƙarƙashinta wata mata ce ƴar Damagaram, masaniyar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kowa Madam yake ce mata. Ta girme ni nesa, tana da ciwon gwiwa, ba ta son doguwar magana, kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, ƙanena take cewa. Damuwarta ɗaya ce a duniya: rijiyoyin garka. Tun da masu garka suka bar jan ruwa da raƙumi suka koma motopom, wato injin jan ruwa, ruwa ya fara gudu ƙasa fiye da yadda yake dawowa. Sai ta tsara wani lissafi. In an auna zurfin rijiya da safe, lissafin zai faɗi tsawon lokacin da za a bar motopom tana ja a ranar ba tare da an ƙafar da rijiyar maƙwabci ba. Aikina shi ne in mai da lissafin nan program, wato tsarin aiki da na'ura ke bi, in zuba shi a ordinater da ke ƙauyuka.

Wadda ta fi muhimmanci tana Timiya, a hannun wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya yi ritaya. Mushe muke ce masa, laƙabin malaman lakwal, kamar yadda dukan garin ke ce masa. Dogo ne, Buzu, mai rawani fari da gilashin da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Hausarsa a hankali take fita, kamar yana auna kowace kalma. Kowace safiya yakan bi rijiyoyi da igiya mai ƙarfe a baki, ya dawo ya buga zurfin a ordinater, ita kuma ta ba shi amsa, ya sanar da masu garka. Ordinater ɗin tana haɗe da talho, wato waya, na tauraron ɗan Adam, don a lokacin babu rezo na wayar salula a can. Da shi take aiko mana da awon rijiyoyi. Da shi kuma mutanen gari ke kiran ƴaƴansu da ke Libiya ko Arlit in an yi haihuwa ko rasuwa. Madam ta san da haka, ta kawar da kai.

Sai damina ta yi gardama. Ƙoramun da ke cika rijiyoyi ba su yi gudu ba, hadari ya taso ya watse, ya sake tasowa ya watse. Makiyaya suka fara shigowa Agadas da awaki da ƙasusuwansu ke ƙirguwa, suna sayarwa a kan abin da bai kai kuɗin fata ba. Ana cikin haka wata rana da rana rediyo ta yanke shiri ta sa kiɗan soja, aka ce sojoji sun karɓi mulki a Yamai. A bironmu Madam ta rage muryar rediyon ta ci gaba da duba awon rijiyoyi.

Fari ya sa lissafinta ya daina tsayawa wuri ɗaya. Abin da ya yi daidai a watan jiya, a wannan watan sai ya zama ɓarna, don ruwa ya sauka zuwa wani kashin ƙasa mai hali daban. Ba lambobi kawai take sauyawa ba, tsarin lissafin gaba ɗaya take sauyawa. Kuma duk lokacin da ta sauya, sai na ɗauki kile, ƴar ma'ajiyar bayanai da ake soka wa ordinater, na tafi Timiya da ƙafata na zuba sabon program, saboda talhon tauraro ba ya iya ɗaukar kaya mai nauyi. In ka gwada, layin zai yanke a tsakiya.

Tafiya Timiya a wancan lokacin ba tafiya ba ce, hukunci ne. Duwatsun Abzin ba su daɗe da fita daga rikicin tawaye ba, ba a barin mota ta shiga sai da takardar izini da rakiyar soja. Ka je bariki neman takarda a ce mai sa hannu ya fita. Ka samu takarda a ce rakiya sai jibi. Jibi ta zo ku taru a shingen bakin gari tun hantsi, ku zauna a inuwar mota har inuwar ta ƙare. In an tashi kuma hanyar duwatsu ce, mota na jefa ka sama tana cafe ka, ka isa da ciwon baya da ƙishirwa. In na isa, aikin da ya kai ni ba ya wuce lokacin shan shayi. Daga nan sai jiran rakiyar komowa. Kafin in dawo in warware gajiya, Madam ta sake sauya lissafi.

Wata rana na dawo daga irin wannan tafiya, ban ko je gida ba, na tarar da ita ta cika allo da sabon rubutu.

"Ƙanena, ka yi haƙuri," ta ce, ba ta juyo ba. "Rijiyoyin gabas sun canza hali."

Na zauna a kan kujera. A zaman nan ne dabarar ta zo mini, kuma ba hikima ce ta kawo ta ba, gajiya ce.

Saƙonnin da ke tafiya tsakanin serber da ordinater ɗin Timiya ana rubuta su ne da wani tsari da ake kira JSON. Tsari ne mai sauƙi: suna, sai abin da sunan ke ɗauke da shi. Rijiya kaza, zurfi kaza. Lambobi da kalmomi yake ɗauka, ba ya ɗaukar aiki. In ka sa masa kod mai yin lissafi a ciki, wato umarnin da na'ura ke aikatawa, zai zubar da shi a hanya, ko gargaɗi ba zai yi maka ba. Amma kod kafin ya zama aiki, rubutu ne. Don haka na ce, me zai hana in mai da lissafin Madam rubutu zalla, in sa shi cikin saƙon kamar wata doguwar kalma, a can kuma in koya wa program ɗin cewa in ya ga wannan kalmar, kada ya ajiye ta, ya karanta ta ya aikata abin da ta ce? Lissafin ƴan layuka ne, talho zai ɗauke shi ba wahala.

Na san abin da malaminmu na Yamai zai ce. Yakan faɗa mana cewa na'ura ta karɓi labari daga nesa, amma kada ta karɓi umarni. Sai dai malamin bai taɓa zama a shingen bakin gari ba.

Na yi wa Madam bayani. Ta saurara tana murza gwiwarta.

"Wato duk abin da ka rubuta nan, waccan za ta yi?"

"Za ta yi, Madam."

"In wani ya rubuta fa?"

"Daga serber ɗinmu kaɗai za ta karɓa. Makullin ɗakin kuwa ni da ke."

Ta dube ni na ɗan lokaci, ta dubi allon, ta ce, "To. Bayanka dai ya huta."

Na yi tafiya guda don in zuba program mai wannan hali, na dawo. Gwajin farko bai yi ba. Kod ɗin da na aika ya dogara da wata lamba da ke zaune a serber, ni kuma na manta cewa rubutun kaɗai ke tafiya, abin da ke kewaye da shi ba ya binsa. Mushe ya kira ni da safe.

"Ɗana, injinka ya rubuta wata kalma da ba Faransanci ba, ya yi shiru. Mutane suna tsaye a ƙofa."

Na gyara na sake aikawa, na sa duk abin da kod ɗin ke bukata a cikinsa. Kafin shayin Madam ya huce, ya sake kira ya ce amsa ta fito. Na tuna yadda na miƙe ƙafafuna a ƙarƙashin tebur a ranar. Aikin da ke cin mako ya ƙare ina zaune.

Watannin da suka biyo baya su ne masu sauƙi a aikin, duk da cewa su ne mafi zafi. Wutar da ke zuwa daga Cirozerin takan ɗauke da rana tsaka, serber ta mutu, mu fita mu zauna a zaure muna fifita da kwali har ta dawo. Amma ina kwana a gida, ina cin tuwon innata. Madam ta samu sakewa, tana sauya lissafi yadda ta ga dama, ni kuma in mai da shi kod in tura. Rijiyoyin Timiya suna sauka, amma a hankali, babu wadda ta ƙafe.

Mushe ne kaɗai abin bai kwanta masa ba. Wata rana bayan ya ba ni labarin rijiyoyi sai ya ƙara da cewa, "Masu garka suna tambayata. Jiya injin ya ba su lokaci mai tsawo, yau ya rage, alhali zurfin bai canza ba, kuma ba su ga kowa ya zo ba. Da in ka zo, suna ganinka, su yi maka gardama, ka sha shayi ka tafi. Yanzu da wa za su yi gardama?"

"Ka ce musu Madam ce ta gyara lissafi, Mushe."

"Na faɗa. Sun ce to ta zo ta faɗa da bakinta."

Na yi dariya, shi bai yi ba.

Wani kapiten na soja ya zo bironmu wata safiya ta Talata, shi da soja ɗaya da ya tsaya a waje. An ba shi aikin zagaya duk ƙungiyoyin da ke da talhon tauraro, ya ga takardunsu. Ba irin sojan da nake tsoro ba ne. Siriri ne, mai sanyin murya, idanunsa jajaye kamar wanda ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Ya gaida Madam da ladabi, ya duba takardu, ya ce komai daidai. Yana shirin tafiya sai ya hango allon ordinater ɗina, ya tsaya. Ashe a soja ɓangaren sadarwa ya karanta.

"Wannan kod ne a cikin saƙo?" ya tambaya.

"I, mon capitaine."

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya sa na nuna masa yadda ake tura shi da yadda waccan ke karɓa. Tambayoyinsa na wanda ya san aiki ne, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Tun da na dawo Agadas ban samu wanda ya fahimci abin da nake yi ba. Na yi ta bayani har da abin da bai tambaya ba. Ya ce dabara ce mai kyau, ya sha shayi, ya tafi.

Bayan kwanaki ya dawo shi kaɗai, lokacin Madam ta je asibiti saboda gwiwarta. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a kan cinya.

"An tare wata motarmu a hanyar duwatsu," ya ce. "Wasu daga cikin yarana ba su dawo ba. Waɗanda suka tare su sun san lokacin da za su wuce. Wani ne ya kira su."

Na yi masa ta'aziyya.

"Talhon da ke Timiya, mutanen gari na kira da shi. Kada ka ce a'a, na sani, kuma ba shi ya kawo ni ba. Ordinater ɗin da yake haɗe da ita tana ganin lambobin da aka kira. Abin da nake so ƙarami ne. A cikin kod ɗin da za ka tura na gaba, ka ƙara ƴan layuka da za su kwashe lambobin su haɗo su da awon rijiyoyi. Babu wanda zai gani. Ni ba na son in tura mota a kwashe mutane a yi ta tambayarsu. Wannan ya fi sauƙi ga kowa."

Na ce masa ban tabbata zai yiwu ba.

Ya yi ɗan murmushi na gajiya. "Kai ka nuna mini cewa zai yiwu. Zan dawo ranar Litinin."

Da Madam ta dawo na faɗa mata duka. Ta zauna ta miƙe ƙafar mai ciwo a kan kwali.

"Ka san su wa ke kira da talhon nan," ta ce. "Tsofaffin mata. Wadda ɗanta ke Libiya, ba ta san ko gini yake yi ko bindiga ya ɗauka ba. In lambarsa ta fito a wata takarda a bariki, wa za a je a ɗauka? Ita ko Mushe."

"In na ƙi kuma, Madam?"

"Su rufe mu. Rijiyoyi su ƙafe." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ni ruwa na karanta, ƙanena. Ban san amsar wannan ba. Ba zan ce ka yi ba, ba zan ce kada ka yi ba. Ni na ce maka to tun farko, don haka duk abin da ya biyo baya da ni a ciki."

Na so in kira Mushe in tambaye shi, amma na ji tsoron faɗin irin wannan magana a talho. Tafiya kuma sai da takarda daga barikin da kapiten yake. Kwanakin nan na yi su kamar mai zazzaɓi. Innata ta lura ba na cin abinci, ta tambaye ni ko a wurin aiki ne. Na ce i. Ta ce mahaifina in aiki ya rikice masa, yakan kashe wutar maƙera ya fita, ya ce ƙarfe ba ya gudu. Na ce mata wannan ƙarfen yana da ranar Litinin.

Ranar Asabar da hantsi na je biro ni kaɗai. Na rubuta kod, gajere, wanda bai taɓa lissafin ruwa ba. Aikinsa ɗaya: in ya isa, ya goge wurin da ke cikin program ɗin Timiya mai karanta rubutu ya aikata, ya bar shi yana karɓar lambobi kawai. Lissafin Madam na ƙarshe zai zauna yadda yake. Bayan wannan, ko ni ko wani, babu mai iya sa ordinater ɗin yin wani abu daga nesa. Na karanta shi sau da yawa, don in na yi kuskure babu hanyar gyara. Wuta ta ɗauke ina tsakiyar karantawa, na zauna cikin zafi ina jira, rigata ta jiƙe. Da ta dawo na tura. Na bi shi da wani kod na gwaji, waccan ta karɓe shi ta ajiye kamar kowace kalma, ba ta yi komai da shi ba. Na kulle biro na tafi gida na kwanta, ban tashi ba sai la'asar.

Ranar Litinin na faɗa wa kapiten gaskiya, don na san in na yi ƙarya zai gane. Madam na zaune a wurin. Bai ɗaga murya ba. Ya sa na nuna masa abin da na tura, ya karanta har ƙarshe.

"Ka rubuta shi da kyau," ya ce. Ya miƙe ya sa hularsa. "Ka san ba ka bar mini wata hanya ba."

Da rana sojoji biyu suka zo suka ɗauki serber, aka ce za a bincika ta. Suka ba Madam wata ƴar takarda. Ba a taɓa ni ba, ba a ma kira ni bariki ba, abin da na kwana ina jira. Amma a makon nan mota ta je Timiya ta karɓo talhon tauraro.

Daga nan muka koma baya fiye da inda muka fara. Babu awon da ke zuwa, babu lissafin da ke tafiya. Mushe yakan ba direbobin albasa awon rijiyoyi su kawo mana, ya iso bayan ya tsufa. Madam ta yi lissafi a kan abin da ya riga ya wuce. Takardar izinina ta ƙara wuyar samu. Sai da zafi ya kai ƙarshensa na samu shiga rakiya da sabon lissafi a kile.

Ban taɓa ganin Timiya haka ba. Garkunan da ke gefen gabas sun bushe, itatuwan lemu sun zubar da ganye suna tsaye. Lissafin da na bari a ordinater ya ci gaba da ba su lokacin da ya dace da watannin baya, suka ja ruwa fiye da abin da ƙasa ke iya bayarwa, rijiyoyi da dama suka ƙafe. Mushe ya tarbe ni, ya ba ni ruwa, ya dafa shayi, na sha kofi na farko. Na ba shi labarin duka a hankali, ina tsammanin zai ce na kyauta.

"Ɗana," ya ce, "kana tsammani ba mu san ana iya sauraron talho ba? Mun sani tun kafin a haife ka. Wanda ke da abin ɓoyewa ba ya zuwa ɗakina ya kira a gaban jama'a."

"Amma da sun samu lambobin, Mushe, da kai za su fara ɗauka."

"Wataƙila. An taɓa ɗaukata, na dawo." Ya zuba shayi daga sama, ya mayar cikin buta. "Ƙanwar matata ta rasu watan jiya. Ɗanta yana Libiya, har yau bai sani ba. Ka tsare mu kada a saurare mu, yanzu ba mu da abin da za a saurara."

Ya ajiye butar, ya ci gaba.

"Ban ce ka yi mugunta ba. Amma lokacin da ka sa injin ya riƙa karɓar umarni daga Agadas, ba ka tambaye mu ba. Lokacin da ka hana shi, ba ka tambaye mu ba. Mu dai muna nan, ana yi mana."

Ya miƙo mini kofi na biyu, ya tambayi lafiyar innata da gwiwar Madam. Bayan mun gama ya kai ni ɗakin ordinater na zuba sabon lissafi. Washegari ya zagaya da ni rijiyoyi, masu garka suka kewaye ni suka yi ta gardama, wani tsoho ya riƙe hannuna ya kai ni ya nuna mini itatuwansa da suka mutu, ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin shekarar da ya dasa kowanne. Na tsaya na saurara har ya gama.

Ruwa ya zo a ƙarshe, da yawa kuma a lokaci guda. Ƙorama ta yi gudu ta cika rijiyoyi, ta kuma kwashe wasu garkunan da fari ya bari. An dawo mana da serber bayan sojoji sun miƙa mulki, babu komai a cikinta, an share ta tas. Talhon bai dawo ba. Masu ba ƙungiyar tallafi sun riga sun juya wani wuri, aka rufe biro. Madam ta koma Damagaram, muna gaisawa da salla har ta daina ɗaukar waya, daga baya na ji ta rasu. Kapiten ban sake ganinsa ba. Ban san ko ya gano wanda ya kira aka tare motar ba, ban kuma san ko daga Timiya aka yi kiran ba. Ni na shiga koyarwa a wata makaranta, ina gyaran ordinater a gefe.

Mushe na sake haɗuwa da shi bayan shekaru, a tashar motocin Abzin. Ya zo Agadas ganin likitan ido, zai koma. Ya tsufa ƙwarai, sai da na faɗi ko ni wane ne ya gane ni. Ya ce yanzu rezo ya iso wajensu, kowa da talhonsa a aljihu, amma samarin duk sun tafi Jado haƙar zinariya, babu mai auna rijiya. Muka zauna a kan buhunan wani muka ci gurasa da ya saya. Can sai ya tambaye ni ko da abin zai maimaitu, zan sake yin abin da na yi.

Na ce masa ban sani ba. Na ce wani lokaci ina ganin na yi daidai, wani lokaci kuma in tuna itatuwan tsohon nan.

"Ni ma ban sani ba," ya ce. "Na daɗe ina fushi da kai, sai na gaji."

Direba ya fara kiran fasinja. Na ɗauki jakarsa da galan ɗin ruwansa na miƙa sama, na roƙi wani saurayi ya bar masa gefen taga saboda idonsa. Hawa motar ya yi masa wuya, na tallafe shi ta baya har ya zauna. Motar ba ta tashi nan da nan ba, ana jiran wani mai kaya, ni kuma ina da aji da ƙarfe uku, don haka na yi masa sallama ta taga na tafi.